Ƙuri'a Ta Samu, Kujera Ta Yi Wuya: Matsayin Mata A Kaduna Da Koriya Ta Kudu

Da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe a ranar aiki, in mutum ya tsaya a bakin Sakatariyar Jiha da ke Titin Independence a Kaduna, ko kuwa ta Tarayya da ke Kawo, abin da zai fara lura da shi shi ne yawan matan da ke sauka daga motocin haya, waɗansu riƙe da fayil, waɗansu kuma sai da suka biya suka ajiye yara a makaranta tukuna. A cikinsu akwai akawu, akwai akanta, akwai lauya, akwai darakta. Haka abin yake a ƙofar Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada, haka kuma a Jami'ar Jihar Kaduna. Ido ya riga ya saba da wannan, har ya zama ba abin magana ba ne.

Amma ba da nisa ba daga sakatariyar nan akwai wani gini mai ƙubba, watau Lugard Hall, wanda ya ci sunan Gwamna Lugga. A nan Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa suka yi ta zama har zuwa juyin mulkin watan Janairu na 1966, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba mace ko ɗaya da ta zauna a kujerar wakili a cikinsa. Ba ma kujera ba, ko ƙuri'ar da ake jefawa a zaɓi masu zama a kai, doka ba ta yarda mace ta jefa ba.

A babban zaɓen watan Disamba na 1959, wanda ya share fagen samun mulkin kai, matan Jihar Gabas da na Yamma da na Ikko sun fita sun yi zaɓe, amma a Jihar Arewa an keɓe ƙuri'a ga maza kaɗai. Abin lura a nan shi ne, da aka zo rabon kujerun Majalisar Wakilai ta Tarayya, Arewa ta sami 174 daga cikin 312 ne saboda yawan jama'arta, kuma da aka ƙidaya jama'ar nan har da mata aka ƙidaya. Watau dai an lissafa da su wajen rabon kujeru, ba a lissafa da su wajen zaɓen masu hawa ba. A Kudu kuwa Wuraola Esan ta shiga Majalisar Dattawa a 1960, Margaret Ekpo ta ci zaɓen Majalisar Jihar Gabas a 1961.

Masu cewa lokaci bai yi ba

Matsayin jam'iyyar NPC mai mulki a wancan zamani shi ne lokaci bai yi ba tukuna, domin ilmin zamani bai yaɗu a tsakanin mata ba, kuma jama'a ba za su karɓi abin ba. A gaskiya hujjar farko ba ƙarya ba ce, sai dai ba a cika tambayar wanda ya jawo hakan ba. Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938 sa'an nan aka kai ta Zariya a 1949 ta zama Barewa, ita ce ta yaye yawancin manyan da suka cika Lugard Hall, kuma ta maza ce zalla. Makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina sai a 1930 aka buɗe su, makarantar horar da malamai mata ta Sakkwato kuwa sai a 1939. Wanda aka hana wa tsani, ba a yi masa adalci ba in aka ce ya kasa hawa.

Hujja ta biyu kuwa, tun a lokacin an sami masu ja da ita, kuma daga cikin gida. Malam Isa Wali, wanda ya fito daga gidan malamai a Kano, ma'aikaci ne a Majalisar ta Kaduna sa'ad da ya rubuta maƙalu a jaridar Nigerian Citizen cikin 1956 a kan ainihin matsayin mata a Musulunci. Ya kafa hujja da littattafan addini cewa yawancin abin da ake danne mata da shi al'ada ce, ba shari'a ba. Rubutun ya ta da ƙura ƙwarai, amma ba baƙon ra'ayi ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya soki malaman da ke koyar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru inda jajis ke bi ƙauye ƙauye suna karantar da mata.

Wadda ta fi kowa shan wuya a kan wannan magana ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. An haife ta a 1933, ta shiga jam'iyyar NEPU tana da ƙuruciya, ta zama shugabar ɓangaren mata. Ta yi ta bin gidaje tana yi wa matan kulle bayanin siyasa, tana tsayawa a gaban taron maza tana magana, abin da a lokacin ake gani kamar saɓo. An ɗaure ta har sau 16, an yi mata dūka, an kore ta daga Kano. Yau akwai babban asibiti mai sunanta a Zariya, amma ba ta taɓa zama a wata majalisar dokoki ba har ta rasu a 2001.

Akwai kuma waɗanda suka bi ta hanyar lalama. A 1963 aka kafa Jam'iyyar Matan Arewa a nan Kaduna, yawancin waɗanda suka assasa ta matan manyan ma'aikata ne da na 'yan siyasa, suka mai da hankali ga yaƙi da jahilci da kula da marayu da koyar da sana'a. Masu zafin ra'ayi sun riƙa yi musu kallon 'yan gata, amma a wannan ƙungiya ce mata da yawa suka fara koyon yadda ake kiran taro, da rubuta bayanin taro, da riƙe asusu.

A ƙarshe dai ba Lugard Hall ce ta ba da ƙuri'ar ba. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ce ta ba matan Arewa damar zaɓe a 1976, a cikin gyaran da ta yi wa ƙananan hukumomi, shekara 17 bayan zaɓen 1959, sa'an nan Tsarin Mulkin 1979 ya tabbatar da ita. Shi kansa tsarin mulkin, kwamitin mutum 49 ne ya tsara daftarinsa, ba mace ko ɗaya a ciki. Cikin 1977 Hajiya Laila Dogonyaro, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Matan Arewa, ta tsaya takara a mazaɓar Tudun Wada ta Kaduna, ba ta ci ba. Tun daga ranar aka fara gane cewa jefa ƙuri'a daban, samun ta daban.

Ƙasar da ba ta yi jinkiri ba

Sau da yawa akan ɗora laifin ƙarancin mata a majalisun ƙasar nan a kan wannan jinkiri. Domin a auna maganar, yana da kyau a dubi wata ƙasa da ba ta yi jinkirin ba, wadda kuma ta fito daga mulkin mallaka da talauci kamar Nijeriya, mai al'adar fifita namiji da girmama na gaba. Koriya ta Kudu ta dace da wannan awo.

Matan Koriya ta Kudu sun yi zaɓe tun a watan Mayu na 1948, watau shekara 28 kafin matan Kaduna. A wannan zaɓe ba mace ko ɗaya da ta ci, sai a zaɓen cike gurbi na 1949 Im Yeong-sin ta shiga majalisa. Tsarin mulkinsu ya ce maza da mata daidai suke a gaban doka, amma dokar iyali ta faɗi wani abu dabam. A ƙarƙashin tsarin da suke kira hoju, kowane gida yana da maigida guda da aka rubuta a rajistar gwamnati, sauran mutanen gidan duk a ƙarƙashin sunansa suke. In mace ta yi aure, sai a soke sunanta daga rajistar ubanta a mai da shi ta gidan miji. In maigida ya mutu, ɗansa namiji ne ke gadon shugabancin kafin matarsa, ko da kuwa yaron bai fara tafiya ba, har ya zama a takarda jariri ne shugaban uwarsa da kakarsa. In aure ya mutu, 'ya'ya suna nan a rajistar uba ko da uwa ce ke riƙonsu.

Wajen gado kuwa, 'yar da ta yi aure kashi ɗaya cikin huɗu na rabon ɗa namiji take samu, har sai da gyaran dokar da aka yi a 1989 ya fara aiki a 1991. Mai karatu zai lura cewa a wannan fanni Bahaushiya ta fi takwararta ta Koriya gata a takarda tun da daɗewa, domin shari'a ta yanka mata rabonta ko tana da aure ko ba ta da shi, sadakinta nata ne, dukiyarta kuma ba ta zama ta miji. Matsalarta ita ce abin da ke faruwa bayan an watse daga zaman makoki, sa'ad da 'yan'uwa maza kan ce gona da gida ba a raba su, a bar su a hannun babban wa, ita kuma kunya ta hana ta zuwa gaban alƙali.

Wadda ta ɗauki yaƙi da dokar iyali ta Koriya a kanta ita ce Lee Tai-young, mace ta farko da ta zama lauya a ƙasar. Ta ci jarrabawar shari'a a 1952, a 1956 ta buɗe ofishin ba mata matalauta shawarar shari'a kyauta, ta yi ta fama shekara da shekaru. Ta rasu a 1998 ba ta ga ƙarshen tsarin hoju ba. Sai a 2005 Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukuncin cewa ya saɓa wa tsarin mulki, majalisa ta soke shi, sabuwar rajista ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2008. Daga ƙuri'a zuwa wannan rana shekara 60 ke nan. Kafin a kai nan son ɗa namiji ya yi ɓarna mai yawa: da na'urar duba ciki ta yaɗu, iyaye suka riƙa zubar da cikin 'ya mace, har a 1990 aka haifi maza fiye da 116 a kan kowace mace 100. Daga baya ne wannan adadi ya komo daidai.

Ranar 11 ga Agusta

Akwai wata rana da tarihin ƙasashen biyu ya haɗu ba tare da kowa ya lura ba. Ranar 11 ga watan Agusta, 1979, matan Kaduna suka yi layi domin zaɓen shugaban ƙasa karo na farko a rayuwarsu. Da asubahin wannan rana a birnin Seoul, 'yan sanda suka afka wa hedkwatar jam'iyyar adawa, inda ma'aikata mata na kamfanin YH mai yin gashin kanti suka fake suna zaman dirshan saboda an rufe masana'antarsu. Wata budurwa mai shekara 21, Kim Kyung-suk, ta rasa ranta. Rikicin da ya biyo baya yana cikin abubuwan da suka girgiza mulkin Shugaba Park Chung-hee, wanda aka kashe a watan Oktoba na wannan shekara.

Wannan labari yana nuna wani babban bambanci. Arzikin da Koriya ta fara yi a shekarun 1960 da 1970 daga tufafi da takalma da kayan lantarki ya fito, kuma 'yan matan ƙauye ne suka cika waɗannan masana'antu, suna aiki sa'o'i masu yawa a kan ƙaramin albashi, da yawansu suna aika kuɗin gida domin a biya wa 'yan'uwansu maza makaranta. Kaduna ma ta yi zamanin masaƙu, tun daga 1957 da aka buɗe ta farko a Kakuri, ƙetaren kogi, amma ma'aikatanta kusan duk maza ne. Matan garin nasu neman kuɗin a cikin gida ya tsaya: ƙosai da ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da adashi, yara mata kuma su ɗauki talla. Aiki ne mai riƙe gida, amma ba shi da ƙungiyar ƙwadago, ba shi da fansho, ba ya shiga lissafin gwamnati. 'Yar masaƙar Koriya ta sha wuya, amma wuyar ta haɗa ta da dubban irinta a wuri guda, har suka iya magana da murya ɗaya.

Bayan haka sai makaranta. Makarantar Ewha, wadda aka fara da ɗaliba guda a 1886, ta zama ɗaya daga cikin manyan jami'o'in mata na duniya, kuma tun daga 2009 'yan matan da ke wucewa manyan makarantu a Koriya sun fi samari a lissafin kashi cikin ɗari. Ƙasar ta yi dokar daidaita maza da mata wajen ɗaukar aiki a 1987, ta kafa ma'aikatar daidaita jinsi a 2001, ta sami Firayim Minista mace, Han Myeong-sook, a 2006, da Shugabar Ƙasa mace, Park Geun-hye, daga 2013 zuwa 2017, lokacin da aka tsige ta.

Da wannan jeri mutum zai zaci magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A 2022 tazarar albashi tsakanin maza da mata a Koriya ta kai kashi 31 cikin ɗari, mafi girma a cikin ƙasashen ƙungiyar OECD masu arziki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ofis ya buɗe wa mace ƙofa, amma yana so ta yi aiki kamar wadda ba ta da kowa a gida, gida kuma yana so ta yi girki da reno da hidimar surukai kamar wadda ba ta zuwa ofis. Da yawa sukan ajiye aiki bayan haihuwar fari, in sun dawo bayan shekaru sai su tarar sa'o'insu maza sun yi musu nisa. 'Yan matan da suka ga abin da ya sami yayyensu sai suka fara jinkirta aure, ko su ƙi shi gaba ɗaya. Tsadar gida da ta karatun yara sun ƙara wa wutar mai. A 2023 adadin haihuwa ya faɗi zuwa 0.72, watau mata 100 za su haifi 'ya'ya 72 kacal a tsawon rayuwarsu, mafi ƙanƙanta a duniya. A shiyyar Arewa maso Yammacin Nijeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami 6.6 ga kowace mace.

Komawa gida

In aka dawo Kaduna da wannan ma'auni, za a ga cewa naɗi ya fi zaɓe yi wa mata rana. Pamela Sadauki ta zama mataimakiyar gwamna a 1990 a zamanin soja. Hajiya Bilkisu Yusuf ta zama editar jaridar New Nigerian a 1987. Nenadi Usman ta riƙe Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya daga 2006 zuwa 2007, Zainab Shamsuna Ahmed ta riƙe ta daga 2018 zuwa 2023. Ta hanyar akwatin zaɓe kuwa sai an yi da gaske: Saudatu Sani ta wakilci Lere a Majalisar Wakilai daga 2003, Nenadi Usman ta zama sanata a 2011, Dokta Hadiza Sabuwa Balarabe ta zama zaɓaɓɓiyar mataimakiyar gwamna a 2019, aka sake zaɓenta a 2023. Sunayen ba su da wuyar haddacewa, domin ba su da yawa.

A zaɓen 2023 mata uku ne suka ci kujerar Majalisar Dattawa daga cikin 109, kotu ta ƙara ta huɗu daga baya. A Koriya kuwa mata 60 ne suka shiga majalisa mai kujera 300 a zaɓen 2024. Ba wai zukatan masu zaɓen can sun fi taushi ba ne. Tun 2004 doka ta wajabta wa jam'iyyu su ba mata rabin sunayen da ke jerin kujerun da ake rabawa bisa yawan ƙuri'un jam'iyya. Nijeriya ma ta rubuta kashi 35 cikin ɗari a manufarta ta jinsi ta 2006, amma manufa ba doka ba ce, kuma zaɓen fid da gwani a jam'iyyun ƙasar nan kuɗi yake ci da taron tsakar dare, abubuwa biyu da matar aure ba ta cika samu ba.

Ranar 1 ga Maris, 2022, Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki. An fi yayata na keɓe kujeru, amma akwai guda da ya fi taɓa ma'aikatan gari irin Kaduna, inda auren ƙetare jiha ya zama ruwan dare: wanda ya nemi a ba mace damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. A halin da aka bar ta, in muƙami ya taso a jihar mijin sai a ce ba 'yar nan ba ce, in ya taso a jihar ubanta sai a ce ai ta yi aure ta tafi. Ta zama jemage, ba ta ga tsuntsu ba ta ga dabba. Wannan ba shi da nisa da rajistar hoju, sai dai ita ta Koriya aƙalla ta san gidan da aka rubuta ta. Ba ko ɗaya daga cikin ƙudurorin biyar da ya shiga gyaran da aka sa wa hannu a 2023.

Akwai kuma wata magana da ba a cika son yi ba a unguwannin ma'aikata kamar Malali da Unguwar Rimi. Abin da ya sa ma'aikaciyar Kaduna ba ta shiga ƙuncin takwararta ta Seoul ba, har take iya haɗa ofis da 'ya'ya huɗu ko biyar, shi ne tana da mataimaka: kaka, ko ƙanwa, ko kuwa, sau da yawa, 'yar aiki da aka ɗauko daga ƙauye tana da shekara goma sha biyu ko ƙasa da haka. Wannan yarinya ita ke share gida da goyon jariri a daidai lokacin da sa'o'inta ke aji. Jihar Kaduna ta yi dokar kare yara a 2018, a wannan shekara kuma ta ɗauke wa 'yan mata kuɗin makarantar sakandare ta gwamnati, amma ba wani sufeto da ke ƙwanƙwasa ƙofar gidajen manya ya tambayi ajin da 'yar aiki take. Ci gaban da ake gani a bakin sakatariya da safe, wani sashe nasa a bayan wannan yarinya yake goye.

Ta fuskar hutun haihuwa an ɗan matsa. A 2019 gwamnatin jihar ta sanar da ƙara hutun ma'aikatanta mata zuwa wata shida, Gwamnatin Tarayya kuma ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikaci namiji da matarsa ta haihu a 2021. Amma wannan duk na masu lambar fayil ne. Dokar ƙwadago ta ƙasa mako 12 ta tanada, da aƙalla rabin albashi, kuma ita ma sai wanda ke da takardar ɗaukar aiki ke iya kafa hujja da ita. Mai sayar da atamfa a Kasuwar Sheikh Gumi, da mai tuwo a tashar Kawo, da malamar ƙaramar makarantar kuɗi da ake biya a hannu, ba wanda ya rubuta musu hutu. Da zarar an yi arba'in, wata ma kafin nan, sai ta goya jaririn ta koma bakin sana'a.